Bis ɗin Maraɗi a ƙarƙashin hanya: wanda ya cancanci kuɗin komin da wanda ya kamata a bar wa rijiya

Da ruwa ya ɗauke, kukan da ke isa ofishin komin, wato ƙaramar hukuma, iri ɗaya ne daga Safo har Gazawa: ƙorama ta yanke hanya, amalanke ba ta wucewa, motar kasuwa sai ta yi zagaye. Kuɗin da ke hannu kuma bai kai na babbar gada ba. Abin da aka fi faɗawa kansa shi ne bututun kankare, wanda magina ke kira bis: a jera, a binne, a zuba burji a kai. A nan cikin Maraɗi ake buga shi, ba sai an jira kaya daga Yamai ko Kano ba, shi ya sa yake da farin jini wurin masu ƙaramin kasafi. Wannan sharhi a kan hajar yake kamar yadda ake sayar da ita a filayen bugu na gari, da kuma aikin dasawa da ƴan kwangila ke haɗawa da ita. Ba za mu kama sunan kowa ba.

Ra'ayinmu tun daga farko: bis na hanya, in an buga shi yadda ya kamata, haja ce mai kyau, kuma akwai masu buga shi da kyau a garin nan. Sai dai ba duk abin da ke jere a fili ne na hanya ba. Kuma ko ka sayi mai kyau, rubu'in aikin kawai ka saya.

Shiga filin bugu da hantsi ka ga yadda abin yake. Mazubin ƙarfe biyu, ɗaya cikin ɗaya, an shafa musu baƙin mai. Yaro yana zuba kwaɓi da bokiti ta sama, wani yana soka guntun ƙarfe yana bubbuga jikin mazubin da guduma. Can gefe waɗanda aka buɗe jiya suna tsaye cikin rana, wasu an rufa musu buhunan siminti jiƙaƙƙu, wasu ko oho. In ka nuna ɗaya ka ce, "Maigida, wannan na rijiya ne ko na hanya?" amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, siminti ne." To, ba ɗaya ba ne.

Na rijiya a tsaye yake zama. Ƙasa tana matse shi ta ko'ina daidai wa daida, kankare kuwa matsi ne abincinsa, don haka ko bangonsa siriri ne, ko ƙarfen cikinsa ɗan kaɗan ne, zai yi shekaru. Kwantar da shi a ƙarƙashin hanya sai labari ya sake. Nauyi daga sama yake zuwa, yana neman ya mayar da da'irar ta koma siffar ƙwai. Daga ciki sai ya tsage a tsakiyar rufi da tsakiyar ƙasa, daga waje kuma ya tsage a haƙarƙari biyu. Zobban ƙarfen da ke cikin bangon su ne ke hana wannan tsagewa buɗewa. Dokar UEMOA, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin gatari ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, na babbar mota a tan 11.5 zuwa 12, kuma kowa ya san motar da ta ɗauko gero ko wake daga kasuwar ƙauye ba ta bi ta kan sikeli ba. Wannan nauyin ne zai hau kan bis ɗin da aka yi don rijiyar lambu.

Rarrabe su ba ya buƙatar injiniya. Ka je da mita, da ƙusa, da ƙaramar guduma. Kaurin bango ya zama kusan kashi 1 cikin 10 na faɗin ciki: mai faɗin santimita 80 ya yi kauri 8, mai faɗin mita 1 ya yi kauri 10. Ka auna a wuri huɗu, don in mazubin ciki ya karkace sai gefe ɗaya ya yi 12, ɗayan ya yi 7, kuma a kan siririn zai mutu. Ka karta bakinsa da ƙusa. In yashi ya zubo kamar ana kankare tukunyar tuwo, siminti bai isa ba, ko kuma ƙishirwa ta kashe shi. Ka buga gudumar: mai kyau ƙararsa tas take fita kamar ƙarfe, marar kyau kuwa dum, kamar tulun da ya tsage. Sai ka leƙa ciki. Ramuka irin na saƙar zuma alama ce ta kwaɓin da ba a girgiza ba. Tabon tsatsa a jikin sabon bis kuma yana nufin ƙarfen ya jingina da mazubi, bai samu rufin kankare na santimita 2.5 zuwa 3 ba, kuma damina biyu zuwa uku za ta fara kumbura shi ya ɓare bangon.

Ƙarfen da ke ciki ba ya ganuwa bayan an zuba, don haka mai saye na gaskiya ranar ɗauri yake zuwa. A galibin zanen da ake bayarwa na mai mita 1, zobba ne na ƙarfe mai lamba 8 ko 10, wato kaurinsa a milimita, a tazarar santimita 10 zuwa 15, da na tsaye masu riƙe su. A kula da ƙarfen kansa, don kasuwa cike take da wanda sunansa 10 amma jikinsa bai kai ba. Sikeli ne ke tona shi. Sanda mai tsawon mita 12 ta lamba 8 tana da kilo 4.7, ta lamba 10 kilo 7.4, ta lamba 12 kilo 10.6. In ta gaza sosai, ko an rage kauri ko an rage tsawo.

Ga wata hanyar gane farashin da ya yi araha fiye da kima. Bis mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, kaurin santimita 10, kankaren jikinsa ya kusa kubik 0.35, nauyinsa ya haura kilo 800. In an yi kwaɓin kilo 400 na siminti a kubik, wato buhu 8, guda ɗaya kaɗai ya cinye kusan buhu 3. Mai santimita 80 kusan buhu 2, nauyinsa sama da rabin tan. Ku ɗauki farashin buhu na ranar, ku ƙara ƙarfe, tsakuwa, yashi, ruwa da ladan ma'aikata. Wanda ya sayar muku ƙasa da wannan jimla, ba sadaka ya yi muku ba, wani abu ya cire daga ciki.

Kan kwaɓi, inda filayen Maraɗi suka fi bambanta da juna shi ne yashi da ruwa. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ko'ina, amma rairayin da iska ke tarawa ya yi laushi da yawa, yana shan ruwa da siminti ba ya ba da ƙarfi. Yashin gulbi mai gautsi ake so. A gwada shi da kwalba: a cika rabi da yashi, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye. Laka za ta kwanta a sama, in kaurinta ya yi yawa a wanke yashin ko a mayar da shi. Tsakuwar da ake haƙowa a ramuka sau da yawa tana zuwa da jar ƙasa manne a jiki, siminti kuma ba ya kama dutse ta bayan laka. A tankaɗe, a wanke. Don bis, ƙananan tsakuwa ake so, milimita 5 zuwa 15, saboda manya suna maƙalewa tsakanin ƙarfe da mazubi. Ruwa kuma ga kowane buhu kada ya wuce bido ɗaya na lita 25, gara ma ya gaza, tare da lissafin danshin da ke cikin yashin. Ma'aikata suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi saurin zuba. Filin da ke da injin girgiza kankare ba ya buƙatar wannan dabara, kuma shi ne filin da muke ba da shawarar a nema, ko da kuɗinsa ya ɗara kaɗan.

Rage farashin siminti da gwamnati ta yi a Oktoba 2024, bayan ambaliyar shekarar, mai lamba 32.5 ya shafa, lambar da ke nuna ajin ƙarfin simintin. Yana yin aiki, amma ƙarfinsa a hankali yake hawa. Mai buɗe mazubi washegari don ya sake zubawa, mai lamba 42.5 ya fi dacewa da shi. In takardar kwangila ta ce 42.5, a duba jikin buhu.

Sai shayarwa, wadda ba ta cin kuɗi sosai amma ita aka fi yi wa rowa. Kwana 7 kankare yake so yana jiƙe ba yankewa, a rufe da buhu ko tabarma, ƙarfinsa na lissafi kuma sai ya cika kwana 28. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko lokacin hunturu da iska ke busar da wanki kafin a gama shanya, yayyafi sau ɗaya da safe wasa ne. Filin kirki yana rubuta ranar bugu a jikin kowane bis da fenti. Wanda bai rubuta ba, a ɗauka ɗanye ne. Wurin sauke shi ma ana asara: a mirgino abu mai kilo 800 daga kan mota ya faɗo kan tsohuwar taya, tsagewar ba za ta fito ranar ba. A nemi injin ɗagawa, ko sarƙar ja a kan ƙafa uku.

Girman bis: ruwa ne ke yanke shawara

A nan ne kuɗin jama'a ya fi zubewa, kuma laifin ba na mai bugu ba ne. Ana zaɓen girma da yawan bis gwargwadon abin da kasafi ya ɗauka, sai a yi fatan ruwa zai yi haƙuri. Bakin mai santimita 60 murabba'in mita 0.28 ne, na 80 rabin murabba'in mita, na mita 1 kuwa 0.79. In ruwa yana gudun mita 2 a daƙiƙa, mai mita 1 zai wuce da kubik ɗaya da rabi a daƙiƙa, na 80 kubik 1, na 60 kusan rabi.

Yanzu a ɗauki fili mai eka 50, irin ekar mita 100 sau 100, wanda duk ruwansa ke gangarowa wuri ɗaya. A ce sama ta zubo milimita 60 a awa, kashi 40 cikin 100 ya gudana, saura ƙasa ta shanye. A ninka 0.4 da 60 da 50, a raba da 360: kubik 3.3 a daƙiƙa. Layi biyu na mai mita 1 bai isa ba, sai uku. In filin nan unguwa ce da rufin kwano da daɓe suka cika, inda kashi 70 ke gudana, lissafin ya kusa kubik 6. Shi ya sa bis ɗin da ya wadatar a gefen gari lokacin da wurin gonaki ne yake ambaliya yau. Ba shi ya ƙanƙance ba, gidaje ne suka hana ƙasa shan ruwa. Wanda ya ga abin da ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya yi wa Maraɗi, sama da milimita 100 cikin ƴan sa'o'i, ya san milimita 60 ɗin ma sassauci muka yi. Garin nan da kansa ruwa ne ya tashe shi daga fadama ya hau tudu a 1945, kuma har gobe duk abin da ya sauka a tudun gulbi yake nema, ta gangaren tsofaffin unguwanni.

Hanya mafi sauƙi ta gwada lissafin takarda ita ce tambayar dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa, a kuma duba tarkacen da ya rataye a jikin itace. In faɗin ruwan mita 15 ne, zurfinsa ya kai gwiwa, babu layi biyu na bis da zai haɗiye shi.

Mai santimita 60 kam, a ƙarƙashin hanyar jama'a ba mu yarda da shi ba sam. Ruwanmu ba shi kaɗai yake tafiya ba, da rairayi yake zuwa, da karan gero, da leda. In ya toshe babu mai iya shiga ya yashe shi. Na 80 yaro zai rarrafa da ƙyar. Mai mita 1 ne babba ke shiga da shebur. A bar na 60 wa ƙofar gida da mashigar gareji.

Dasawa

Ga lissafin da ya kamata kowane kantoma da kowane ɗan kwamitin ƙauye ya riƙe. Hanya mai faɗin mita 7, layi biyu na mai mita 1: bis 14 ke nan, kankaren jikinsu kusan kubik 5. Shimfiɗar da za su kwanta a kai, katangun kai biyu, fukafukai huɗu, wato katangun da ke buɗewa a gefen kowane baki, daɓen mashiga da na mafita, da katangun da ake nutsawa ƙasa a bakin daɓen, in aka haɗa su sun kusa kubik 15. Wato abin da ido ke gani a kan mota ana kawowa, ana ɗaukar hoto, shi ne ƙaramin kaso. Babban kason ƙasa ke rufe shi, kuma a cikinsa ɗan kwangilar da ya karya farashi yake neman ribarsa.

Farko a haƙa har a samu ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankaren share fage na buhu 3 a kubik, kaurin santimita 5 zuwa 10. A kai a zuba shimfiɗa ta buhu 5, wadda za ta rungumi bis ɗin har kusan sulusin da'irarsa, kada ya zauna a kan layi ɗaya kamar ganga a kan daɓe. Gangare santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In ya gaza rairayi zai kwanta a ciki, in ya wuce ruwa zai fita da gudun da zai haƙe mafita. Ƙasan bis ya yi daidai da ƙasan ƙoramar. Masu nutsa shi ƙasa don su samu rufi a sama ba tare da sun sayi burji ba, ramin tara yashi suka gina, damina ɗaya za ta cika rabinsa.

Mahaɗa tsakanin bis da bis a cike ta da kwaɓin siminti mai ƙarfi, a yi mata ɗamara ta waje mai faɗin santimita 15 zuwa 20. Masu baki mai shiga cikin ɗan'uwansa sun fi masu baki a yanke, kuma ba kowane fili ke da mazubinsu ba, a tambaya. Mahaɗar da aka bari a buɗe tsotse ƙasar hanya take yi kaɗan-kaɗan, har ranar da rami zai buɗe a tsakiyar hanya ba a san daga ina ba.

Ciko da burji ake yi, ba da rairayin da aka haƙo ba. Hawa-hawa na santimita 20, a jiƙa, a daɓe, gefe biyu suna tashi tare don kada bis ya gusa. Kusa da jikinsa da ƙaramin injin daɓe ko da hannu, babban inji sai an rufe shi sosai. Rufin da ke kansa ya kai santimita 80. Wannan ƙasar ce ke raba nauyin taya kafin ya isa kankare. Inda aka bar santimita 30 saboda tifar burji ta yi tsada, ko bis mai kyau ne zai tsage.

Sai katangar nan ta ƙarƙashin bakin daɓe, wadda ma'aikata ke kira parafuy. In za a tambaye mu abu ɗaya da za a tsaya a kansa da mita a hannu kafin a zuba kankare, ita ce. Je ka mafitar bis ɗin da ba a yi masa ita ba a watan Satumba. Daɓen yana nan lafiya lau, sumul, amma ƙarƙashinsa kogo ne, kana iya tura hannu har kafaɗa, awaki ma sun mayar da shi wurin shan inuwa. Ruwan da ya fito da ƙarfi ya haƙa rami a gabansa, ramin ya riƙa ja da baya yana cin rairayin da ke ƙarƙashi. Damina mai zuwa daɓen zai karye, fiffike ya kwanta, bis na ƙarshe ya sunkuya, mahaɗa ta buɗe. A ƙasa mai rairayi irin tamu zurfin parafuy kada ya gaza mita 1, a mafita ma mita ɗaya da rabi ya fi kwanciyar hankali. Ta mashiga kuma ita ke hana ruwa bin ƙarƙashin bis ɗin maimakon cikinsa.

Bayan daɓen mafita a shimfiɗa gabiyon, kejin waya cike da dutse, masu mita 2 da 1 da rabin mita, da ƙyallen tace ƙasa a ƙarƙashi. Wayar ta zama mai rufin tutiya, kaurin milimita 2.7 zuwa 3, saƙa mai murɗi biyu. Dutsen ya fi idon ragar girma, santimita 15 zuwa 25, a jera shi da hannu. Dutse mai ƙarfi a jihar nan sai an nufi kudancin Madarunfa wajen iyaka, don haka jigilarsa tana da tsada, kuma shi ya sa ake cusa ɓaraguzan marmara mai narkewa ko fasassun bulo a tsakiyar keji a rufe da dutse mai kyau a sama. A sa a buɗe keji ɗaya a gani.

Inda bis bai dace ba

In hanya ba ta da tsawon da za a samu rufin santimita 80, dalo ake yi, akwatin kankare mai kusurwa huɗu wanda mota ke iya hawa kansa kai tsaye. Mai mita 2 da 1 bakinsa murabba'in mita 2 ne, ya fi layi biyu na bis mai mita 1, ga shi kara da reshe suna wucewa. Sai dai yana son kafinta da maɗaurin ƙarfe na gaske, kankaren buhu 7 a kubik, kuma katakon da ke tallafe da rufinsa ya kwana 21. In ƙorama mai faɗi ce marar zurfi, wadda ke kawo ruwa awa biyu ta janye, radiye ya fi: daɓen kankare a ƙasan ƙoramar, ruwa ya bi ta kai, rairayi ya wuce abinsa, mutane su jira ya sauka. A kafa masa turakun gefe masu fenti don direba ya san iyakar hanya da zurfin ruwa. Jama'a ba su cika son radiye ba, suna ganin ba gada ba ce, amma a wurare da dama shi ne ke rayuwa. Gulbin Maraɗi kansa, mai tasowa daga ƙasar Katsina ya ratsa Madarunfa, Tibiri da Gidan Runji, ba wurin bis ba ne ko kaɗan. Wannan aikin babbar gada ne da binciken ƙasa.

Kuɗin da takardun

Kafin a kai kuka, a san mai hanyar. Manyan hanyoyin ƙasa, kamar RN1 da ta nufi Damagaram da RN9 ta Ɗan Isa, na gwamnatin tsakiya ne, kuɗin gyaransu daga FER, asusun gyaran hanyoyi na ƙasa, yake fitowa, kuma kuɗin peyaj da ake karɓa a shingaye na cikin abin da ke shiga cikinsa. Hanyoyin ƙauye da titunan unguwa kuwa nauyin komin ne, da abin da ta tara na haraji, da abin da ke zuwa ta ANFICT, hukumar da ke isar da kuɗin tallafi ga komin, da kuma ayyukan masu ba da tallafi irin su ProDAF, shirin bunƙasa noman iyali, wanda ya yi hanyoyin karkara a Maraɗi, Tawa da Damagaram. Tun da aka rusa majalisun komin a Afrilu 2024, kantoma ne ke riƙe da alƙalami, don haka kwamitin ƙauye ko na unguwa ya nemi ganin takardar ƙiyasin aiki da kansa. A cikinta kowane sashe da muka ambata ya fito da layinsa da adadin kubik ɗinsa. Ƙiyasin da ya ce "dasa bis da kayan haɗinsa" a dunƙule, ƙofa ce a buɗe. A kuma tuna TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya da aiki, na kashi 19 cikin 100, a tambaya ko kuɗin da aka ambata da shi ne ko babu shi, don kusan kashi 1 cikin 5 na aikin ke nan.

Lokaci ma kuɗi ne a wannan sana'a. In takardu suka ja har aka ba da izinin fara aiki a Mayu ko Yuni, ruwan farko zai tarar da rami a buɗe, ɗan kwangila ya shiga gaggawa, a binne bis ɗan kwana 5. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya kamata a yi bugu da zubi. Jinkirin biya shi ma yana da hannu: ƙaramin ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin kafin alƙalami, ya jira kaso na gaba wata da watanni, a jikin siminti yake ramawa. Mai sa ido kuma ya kasance a wurin ranar zubi, ya ɗebi kwaɓi a mazuban gwaji masu santimita 16 da 32, a kai ɗakin gwaji a murƙushe su ranar 7 da ranar 28. Kuɗin wannan gwaji a sa shi cikin ƙiyasi tun farko, in ba haka ba ba za a yi ba.

Makamin da komin ke da shi, wanda ba a cika amfani da shi ba, shi ne kuɗin da ake riƙewa, galibi kashi 5 cikin 100, har shekara guda bayan karɓar aiki ta wucin gadi. Shekarar nan dole ta haɗa da damina ɗaya. Kafin a sa hannu a karɓa ta ƙarshe, a je a watan Oktoba da tocila, a shiga ciki. A haska rufin bis daga farko har ƙarshe: tsaga siririya kamar gashi ba komai, wadda farce ke shiga ta wuce milimita 0.3 da aka yarda da ita. A duba ko wani bis ya sauka ƙasa da ɗan'uwansa, ko akwai tulin jar ƙasa a ƙarƙashin wata mahaɗa. A fito a soka sandar ƙarfe a gindin daɓen mafita, a ji ko ta tarar da parafuy ko ta wuce fayau. A hau hanya a duba ko ta lotsa a gefe biyu na bis ɗin, alamar cikon da ba a daɓe ba. Duk abin da aka gani a rubuta shi a takardar karɓa a gaban ɗan kwangilar, da wa'adin gyara, kuma kuɗin ya zauna har sai an koma an gani. Daga ranar da aka sa hannu, yashe bis ɗin kowane watan Mayu ya koma wuyan komin: mutum huɗu, shebur, buruweti biyu, a kai yashin nesa da mashiga ta ɓangaren da ruwa ke fita.